In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere: ya dace mai bi ya riƙa faɗin haka?

Yaron Wusasa:
Salama 'yan'uwa. Akwai karin maganar da kowa ya sani a Zariya, Kirista da Musulmi duk muna faɗinta, wai in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, don wataƙila kai za ka faɗa. A nazarin Littafi Mai Tsarki na ran Laraba an karanta Karin Magana 26:27, inda aka ce wanda ya haƙa rami shi zai faɗa ciki, wanda ya mirgino dutse kuma kansa zai komo, sai mai jagora ya ce ai daidai yake da maganar Hausawa. Ni dai abin bai kwanta min ba. Ta Hausa kamar izini ta ba ka ka gina, kawai dai kar ka zurfafa. To mai bin Yesu akwai wani gajeren rami da aka yarda masa ne? Iyaye da yayye ku warware min dan Allah.

Dattijo Samaru:
Ɗana, ba izini ba ne, jan kunne ne. Bahaushe ya san in ka ce wa mai zafin zuciya "kar ka yi" ba zai ji ba, shi ya sa ya biyo masa ta inda zai ji tsoro. Duba Haman a littafin Esta. Gungumen da ya sa aka kafa don rataye Mordekai tsawonsa kamu 50 ne (Esta 5:14), kuma a kansa aka rataye shi kansa (7:10). Waɗanda suka ƙulla wa Daniyel makirci ma su aka jefa kogon zakuna daga baya. Iyayenmu da suka karanta juyin Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932, wanda ɗan mishan Likita Miller ya sha aiki a kansa, da irin waɗannan karin maganganu suke buɗe wa mutane Nassi, kuma mutane suna ganewa nan take.

Yaron Wusasa:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Amma ku duba, dalilin da karin maganar ta bayar shi ne kar NI in ji ciwo. Ba ta ce komai ba a kan mutumin da nake gina wa ramin. Wato da zan samu tabbacin ba zan faɗa ba sai in zurfafa ke nan? Romawa 12:17 kuwa cewa ta yi kada a rama mugunta da mugunta ga kowa, babu zancen tsawo ko gajarta.

Maman Biyu:
Ni ku bar ni in faɗi nawa don abin yana ci min rai. Ina da shago a kasuwar Sabon Gari, atamfa da leshi nake sayarwa, akwai wata da muke jere da ita, cocinmu ɗaya ma, tare muke Zumuntar Mata, ta bi kwastomomina ɗaya bayan ɗaya tana ce musu wai ina rage yadi in na yanka. Wata tsohuwar kwastoma ta zo da tef ɗinta a jaka, a gabana ta ware leshin da ta saya ta auna a kan benci mutane na kallo, yadi biyar cif, ta naɗe kayanta ta tafi ko haƙuri ba ta ba ni ba kuma ba ta sake dawowa ba. Ita kuwa mai ƙullin har ta ƙara shago na biyu. To ina faɗawa ramin? Kullum ana ce min Mama ki yi haƙuri za ta faɗa, ni ban ga ta faɗa ba, ƙiba ma take yi.

Malamin Kongo:
Sannu Mama, Allah ya sanyaya miki zuciya. Tambayarki tana cikin Littafi Mai Tsarki tun da daɗewa. Asaf a Zabura 73 ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame saboda ya ga mugaye suna cikin wadata, jikinsu lafiya lau, sai da ya shiga Haikali ya gane ƙarshensu. Ayuba 21:7 ma tambayar ke nan, me ya sa mugaye ke tsufa suna ƙara ƙarfi. Don haka ni ina ganin kuskure ne mu ɗauki Karin Magana 26:27 kamar alkawari mai ranar biya. Littafin hikima ne, yana faɗin yadda al'amura suka saba tafiya. Nabot ya mutu saboda gonar inabinsa kafin hukunci ya iske Ahab da Yezebel, Yahaya Mai Baftisma an fille masa kai a kurkuku, Istifanas an jejjefe shi. Babu wanda cikinsu ya ga maƙiyinsa a rami da idonsa.

Kuma akwai ayar da ba mu cika son karantawa ba, a littafin Karin Magana dai, 24:17-18: kada ka yi murna in maƙiyinka ya faɗi, kada Ubangiji ya gani ransa ya ɓaci. Da yawanmu ba mu gina rami ba, gaskiya ne, amma mun ɗauko kujera mun zauna a bakinsa muna jiran ranar da za a faɗa. Har a addu'ar dare za ka ji ana cewa duk wanda ya haƙa mana rami ya faɗa ciki, Amin ɗin da ake amsawa ya fi na kowace addu'a ƙarfi. Wannan yana damuna sosai.

Talatu T/Wada:
Malam amma ai Dawuda ma ya yi irin wannan addu'ar, Zabura 7:15 da 35:8. Laifi ne mu yi?

Malamin Kongo:
Ya yi, ƙanwata. Ya kai kukansa gaban Allah bai ɓoye zafin ba, kuma hakan ya fi a haɗiye. Amma shi wannan Dawudan sau biyu Saul yana faɗowa hannunsa, a kogo da kuma cikin sansani yana barci, bai taɓa shi ba, da Saul ya mutu kuma makoki ya yi masa. Mu sai mu ɗauki addu'ar mu bar halin.

Dattijo Samaru:
Malam ya yi magana. Ni mutumin da nake so yaranmu su sani a zancen rami shi ne Ebed-melek, mutumin Habasha, a Irmiya 38. An zura annabi Irmiya cikin rijiyar da ba ruwa sai laka, ya nutse a ciki. Wannan bawan Allah ya je ya roƙi sarki Zadakiya, sannan ya tattaro tsummoki da tsofaffin tufafi ya zura masa, ya ce ya sa a hammatarsa don kada igiya ta yanke shi lokacin da ake jawo shi. Ku duba irin wannan kula, har hammata ya tuna. Karin maganarmu ta yi zancen mai gini da mai faɗawa, ba ta kai ga mai cirowa ba, a nan na yarda da ɗana na Wusasa.

Maman Biyu:
Baba na ji, kuma ba na mata fatan sharri, Allah ya sani. Amma sai in zuba ido tana kashe min kasuwa? Da shagon nan nake biyan kuɗin makarantar yara.

Dattijo Samaru:
A'a 'yata, ba a ce ki yi shiru ba. Da Bulus ya ji mutum fiye da 40 sun yi rantsuwa ba za su ci ba za su sha ba sai sun kashe shi, tura ɗan 'yar'uwarsa ya yi wurin shugaban sojoji (Ayyukan Manzanni 23). Ke kuma tunda 'yar'uwa ce a ikilisiya, Matiyu 18:15-17 ya shimfiɗa miki hanya. Ki same ta ke kaɗai tukuna, ba a kasuwa ba, a gida. In ta ƙi ji ki koma da mutum ɗaya ko biyu, in da hali cikin waɗanda ta faɗa wa maganar da bakinta. In ta ƙi sai ki kai wa shugabar Zumuntar Mata da fasto. Kin taɓa zama da ita ku biyu a kan maganar?

Maman Biyu:
Tun da abin ya faru gaisuwa kawai ke haɗa mu Baba. Ran Lahadi bayan an tashi sujada zan tambaye ta yaushe take gida, ku sa ni a addu'a don bakina yana da zafi in raina ya ɓaci.