Gwajin harshen wuta a lab: wa ya taɓa ganin wani launi ban da rawaya?

Malamin SS2: Salamu alaikum 'yan'uwa. Makon nan muka yi gwajin gano ƙarafa da harshen wuta. Littafi ya ce sodiyam rawaya, fotasiyam shunayya mai haske, kalsiyam ja irin na bulo, tagulla kore mai ratsin shuɗi. To mu kusan duk gishirin ƙarfen da muka sa a wutar Bunsen (fitilar gas ta lab), rawaya yake ba mu. Yara har sun fara yi mini wani irin kallo. Yaya naku ya kasance?

Mai kula da lab: Wa alaikumus salam, Malam. Sodiyam ne ya yi maka kutse. Ɗan ƙanƙani ya ishe shi rufe sauran, kuma yana ko'ina: gumin hannu, ruwan famfo, kwalbar da aka tsoma cokali ɗaya a cikinta da ta gishiri. Ni ba na barin ɗalibi ya taɓa bakin wayar ɗebo gishirin da yatsa. A tsoma ta cikin asid ɗin HCl mai ƙarfi, a ƙona, a sake tsomawa, har sai wutar ta daina canja launi. Sannan a ɗebo gishirin. Wayar nikurom muke amfani da ita, filatinam ta fi ƙarfin aljihunmu. Kuma a buɗe ƙofar iskar Bunsen ɗin sosai wutar ta yi shuɗi, in ba haka ba ita kanta rawaya ce.

Tsohuwar ɗaliba: Mu dai a allo muka yi namu, babu gas a makarantar. Haddacewa muka yi muka shiga jarrabawa. Sai da na yi aure, miya ta tafaso ta zuba a kan wutar gas, na ga ta koma rawaya, na ce ashe gishirin nan ne Malam yake faɗi!

Malama daga Zariya: Malam, nemi gilashin kobal mai shuɗi. Yana tare rawayar sodiyam, sai ka hango shunayyar fotasiyam ta cikinsa. Wani ɗalibina ya kawo kanwa daga gida, ya rantse fotasiyam zai gani. Rawaya fes ta fito, domin kanwa yawancinta sodiyam kabonet ce. Da muka gwada tokar itace ta bayan gilashin ne muka ɗan ga shunayya. Ranar na samu damar yi musu bayani: zafi ne ke ɗaga elektiron zuwa mataki na sama, idan ya dawo sai ya saki haske, kuma kowane ƙarfe da tazarar matakansa. Da wannan hasken masana kimiyya Bunsen da Kirchhoff suka gano ƙarfen siziyam a 1860 a Heidelberg ta Jamus, sai dai su ba da ido kawai suka duba ba, na'urar rarraba haske suka sa.

Ɗan jami'a: Ni jajayen ne suka wahalar da ni. Litiyam, sitirontiyam, kalsiyam, a lab mai hasken rana duk ɗaya nake ganinsu. Sai da aka rufe tagogi. Magniziyam da zink kuwa gishirinsu ba ya ba da launin da za a gane su da shi, sai an koma kan gwada su da ruwan sinadaran NaOH da amoniya.

Mai kula da lab: Wani abu kuma, don Allah kada a kwaikwayi bidiyon da ake zuba metanol a kwano a kunna. A Amurka ɗalibai sun ƙone sosai a irin wannan, lokacin da malami ya ƙara metanol daga kwalba kusa da wuta. A jiƙa tsinken katako cikin ruwan gishirin ya kwana, kowane gishiri da tsinkensa, a taɓa gefen wutar a janye kafin katakon ya kama.

Malamin SS2: Na gode ƙwarai. Tsinken zan gwada ranar Litinin, da tagulla zan fara tunda korenta ba ya ɓuya. Malama, gilashin nan a ina kika saya?