Wace kalma za mu ba amosanin da ke biyo bayan cuta?

Mai Shirin Lafiya: Jama'a a taimaka, gobe da safe zan gabatar da shirina. Likita ya rubuto min "reactive arthritis". Mutum ya yi gudawa ko atini, ko ya ɗauki ƙwayar cutar kalamidiya ta hanyar saduwa, bayan sati 1 zuwa 4 sai gwiwa ko idon sawu su kumbura, diddige na ciwo, wani har da jan ido da zafin fitsari. Me zan kira shi?

Ɗan Boko: Sanyin ƙashi mana.

Nas: A'a yallaɓai. Kana cewa sanyi kuma ka ambaci saduwa, kowa zai ji ciwon sanyi. Kuma ƙwayar cutar ba ta zaune a gaɓar tana yaɗuwa, garkuwar jiki ce ta wuce gona da iri. Amosanin bayan cuta.

Tsohon Malami: Nas ta ba ku amsa ba ta sani ba. Haushin kaza huce kan dami! Cuta a hanji, duka a gwiwa. Ku rubuta huce-kan-dami.

Ɗan Boko: Malam, mara lafiya zai je asibiti ya ce yana da huce-kan-dami? Gara amosanin martani.

Tsohon Malami: Martanin wa? Wasiƙa aka aiko? Ku 'yan digiri kuna ɗora Turanci ku yafa masa babbar riga. Shekara 30 ina koyar da Hausa.

Ɗan Boko: Karin magana ba sunan cuta ba ne, ranka ya daɗe.

Nas: Wani littafin na dā yana kiransa ciwon Reiter, sunan likitan Jamus da ya bayyana shi a 1916. An daina, saboda ta'asar da ya yi a zamanin Nazi. Kar wani ya kawo shi.

Tsohon Malami: To su ma sun sauya suna, mu ne za a hana?

Mai Shirin Lafiya: Dare ya yi. Zan ce amosanin bayan cuta, in bayyana cewa shi kansa ba a ɗaukarsa daga wani, kuma yawanci yana lafawa cikin wata 3 zuwa 12. Karin maganar Malam zan sa a wajen bayani.

Tsohon Malami: A wajen bayani. To. Amma dai ka faɗe ta daidai, dami ne ba dame ba.