Jami'a za ta iya zama mafakar marubuci?

Malam Isa: Jama'a, ina nan kan bakana. Ya kamata ABU da KASU, wato Jami'ar Jihar Kaduna, su ware gurbi ga marubucin da hukuma ta sa wa ido, a ba shi masauki da albashi da ajin da zai koyar, ko na shekara ɗaya ne. Aikin ƙungiyar Scholars at Risk ke nan tun da aka kafa ta a Jami'ar Chicago a 1999. Da Wole Soyinka ya tsere wa Abacha a 1994, ai Jami'ar Emory ta Amurka ce ta ba shi wurin koyarwa.

Hajiya Rabi: Malam, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Emory ba ta cin tuwon Abacha, shi ya sa ta iya. Jami'ar jiha fa? Gwamna ke naɗa majalisar gudanarwarta, shi ke sakin kuɗin albashi. Wane shugaban jami'a ne zai sauke mai sukar gwamna a gidan malamai?

Baba Garba: Gaskiyarki, Hajiya. A 1988, zamanin Babangida, aka kama Patrick Wilmot, malami a ABU, aka sa shi a jirgi sai Landan. Shekara guda kafin nan an kori Festus Iyayi daga Jami'ar Benin, alhali shi ne shugaban ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i.

Malam Isa: Baba, mulkin soja ne wancan.

Zainab: Allah ya gafarta Malam, Dadiyata fa, wato Abubakar Idris mai sukar gwamnati a soshiyal midiya? Malamin jami'a ne a Dutsin-Ma. A watan Agustan 2019, cikin dare, yana shigowa gidansa a unguwar Barnawa ta Kaduna wasu masu bindiga suka tafi da shi har da motarsa. Farar hula ke mulki. Har yau iyalinsa na jira, abin yana ci mini rai.

Malam Isa: To shi ya sa nake cewa a yi wani abu, Zainab. Tsoro ba dalili ba ne na naɗe hannu.

Hajiya Rabi: Ba mu ce a naɗe ba. A nemi yarjejeniya da jami'o'in Ghana ko Senegal: namu in ya shiga matsi su karɓe shi, nasu mu karɓa. Gwamnatin da ke farautar mutum kada ta zama ita ce mai biyan kuɗin masaukinsa.

Baba Garba: Kuma kuɗin ya fito daga tsofaffin ɗalibai, ba daga baitulmali ba. Malam Isa, wa ka sani a ƙungiyarsu ta Kaduna?