Neman hukunci ba tare da doguwar shari'a ba

To ga abin da na tsinta a wata hira da aka yi kan roƙon da ake kai wa kotu na neman hukunci ba tare da doguwar shari'a ba. Wannan roƙon kana ce wa alƙali ne babu wata jayayya ta gaske kan abin da ya faru, doka kawai zai duba ya yanke, ba sai an kira shaidu ba. Kusan kowa ya nanata cewa surutu ba ya aiki, sai takardar rantsuwa da kwantiragi da rasit, kuma in kai aka kawo wa roƙon kar ka tsaya kan "ban yarda ba" kawai, fito da hujjar da ke nuna akwai saɓani. Lokaci fa! A kotunan tarayyar Amurka wa'adin shigar da roƙon kwana 30 ne bayan rufe musayar hujjoji tsakanin masu shari'ar, sai in alƙali ya sa wani wa'adin daban.