Kakanmu ya rasu a asibitin soja a yaƙin Bama, ina za a samu takardunsa?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Ƙanen kakanmu ya tafi yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, bai dawo ba, an ce a asibiti ya cika. Lambar wuyansa kaɗai ta iso gida. Ta ina zan fara neman bayaninsa da inda kayansa suka shiga?

Malam Na-Daura:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wannan lambar ita ce jarinka. A wancan zamanin, sojan Ingila da na ƙasashen da take mulka lamba biyu suke ratayawa: koriya mai kusurwa takwas da ake binne mamaci da ita, da ja mai zagaye da ake cirewa don shaidar rasuwa. Duba abin da aka buga a jikinta, na 'yan Najeriya yakan fara da NA. Shi za ka sa a shafin CWGC, hukumar kula da kaburburan yaƙi, kyauta ne.

Kada ka dogara da suna. Da yawa daga cikin mutanenmu da sunan gari aka rubuta su maimakon na uba, wane Katsina, wane Daura, ga Bature ya mayar da Garba Garuba. Wasu ma sunan ƙarya suka bayar don kada iyaye su gano su.

In a asibiti ya rasu, akwai yiwuwar yana da kabari a Chittagong ko Maynamati, Bangaladash ta yanzu. Waɗanda ba a san kabarinsu ba, sunayensu na jikin bangon maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun (Yangon ta yanzu) a Bama, kusan mutum 27,000.

Hajiya Ta Sabon Layi:
Gaskiyar Malam. Sai dai kada ka sa rai da katin jinyarsa. Abin da ya tsira shi ne kundin aikin yau da kullum na asibitocin soja, a gidan adana tarihi na Kew a Landan, rukunin WO 177. Adadin marasa lafiya ya fi yawa a ciki, sunan ƙaramin soja sai an dace. Sai ka san ranar rasuwar da rundunarsa, wato rundunar sojan Afirka ta Yamma ta 81 ko ta 82, kafin ya yi maka amfani.

Malam Na-Daura:
Batun kaya kuwa, a wancan zamanin kaki da bindiga na gwamnati ne, sito suke komawa. Kuɗin aljihunsa da ragowar albashi ne ake turo wa magada ta hannun Di'o da En'e. Je ka gidan adana tarihi na Kaduna ka nemi fayilolin lardin Katsina, KATPROF, daga 1943 zuwa 1947. Tafi da hoton lambar, ita ka bar ta a gida.