Musayar Waƙa: Ina Bes Ɗin Justice Ya Shige?

Batu: faifan ƙungiyar mawaƙan Metallica mai suna ...And Justice for All, wanda da ƙyar ake jin bes (jita mai zurfin sauti) a cikinsa. Kowa ya amsa da baiti.

Mai Haɗa Sauti:
Sallama gare ku, 'yan'uwa masu saurara,
Faifan Metallica na huɗu za mu tattara,
Na 1988, waƙoƙin cikinsa guda tara,
Minti 65 jita da ganga suna ta ƙara,
Amma ina bes ya shige? Ku ba ni shawara.

Ɗan Tsirkiya:
Malam, tushen zancen a Suwidin ya soma tsirowa,
Satumban 1986 motar ƙungiya ta yi kifewa,
Cliff Burton mai bes ya rasu, babu dawowa,
Suka ɗauko Jason Newsted, baƙo sabon shigowa,
Daga ƙungiyar Flotsam and Jetsam ya zo, ba shi da ta cewa.

A situdiyon One on One na Los Anjalas aka yi naɗewa,
Janairu zuwa Mayu. Da furodusa Mike Clink aka yi somawa,
Ba su daidaita ba, Flemming Rasmussen ya yi karɓewa,
Sai dai ranar haɗa sauti ba ya nan, nan aka fara ɓatawa.

Uwar Ganga:
Yaya, bari in ɗora daga inda ka tsaya,
A Bearsville ta jihar New York aka haɗa shi gaba ɗaya,
Steve Thompson da Michael Barbiero ke jan tafiya,
Thompson da bakinsa ya ba da labari daga baya:
Lars Ulrich mai ganga ya ce a sauke bes har da ƙyar a ji ɗuriya,
Sannan a ƙara rage ƙarfinsa da desibel 5, ba jayayya.
Lokacin Metallica na yawon wasan Monsters of Rock, ga gajiya,
Kunnen da ya sha lasifika ba ya auna gaskiya.

Mai Haɗa Sauti:
Ƙanwata, haka ne, amma ba nan kaɗai aka yi aika-aika,
Tsirkiyar jita mai kauri girgiza 82 take a daƙiƙa,
Ta bes 41, rabi ke nan, nan ne mazauninsa na haƙiƙa,
Hetfield mai jita ya kwashe tsakiyar sautinsa, ƙasan ya cika,
Ya ninka jita kan jita, layi bisa layi ya liƙa,
Wurin da bes zai zauna, jita ta riga ta mallaka.

Shi kuma Newsted, duk inda jita ta taka nan ya taka,
Bugu ɗaya, lokaci ɗaya, bai ware hanyarsa ya miƙa,
Sauti biyu in sun yi kama, mai ƙarfi kunne ke ɗauka,
In ka ɗaga bes haka nan, duka sai su dame kamar laka.

Gyaransa: abin da ke ƙasa da girgiza 100 a jita, a yanka,
A ba bes cizo wajen 800, inda bugun tsirkiya ke tashi ya faka,
Sannan a ɗaga shi a hankali, har ya fito ba tare da ya danne ka.

Uwar Ganga:
Gangar ƙafa ma ku saurare ta da kyau,
Ƙas-ƙas take yi, ba ta da kaurin da ake so yau,
Ba amsa-kuwwa, komai a bushe ƙayau,
Amma saurin ƙafa biyu a waƙar "One" ya fito tangarau.

Tsohon Masoyi:
Yara, kun yi ta lissafin aibi, ku ji yadda aka karɓa,
Lamba 6 ya hau a jadawalin Billboard, ƙungiyar ba ta taɓa,
Kwafi miliyan 8 a Amurka, jama'a ba su guje shi ba,
"One" ce bidiyonsu na farko, da can ba su yarda su yi ba,
Kyautar Grammy ta 1989 ƙungiyar Jethro Tull aka ba, mutane ba su ji daɗi ba,
A 1990 "One" ta ɗauko tata, ba a sake hana su ba.
Ni bushewar nan ina son ta, ba zan ɓoye muku ba,
Waƙar rashin adalci da yaƙi ba ta dace da sauti mai taushi ba.

Ɗan Tsirkiya:
Baba, da girmanka, a nan zan ja da kai kaɗan,
Ba a ce a tausasa ba, a dai ji mutum na huɗun,
A 2018 sun sake fitar da shi bayan shekara 30 ɗin nan,
Goge shi kawai aka yi, ba a sake haɗa layukan,
Mai gogewa haɗaɗɗen sauti ake miƙa masa, hagu da daman,
Ba shi da layin bes shi kaɗai, balle ya ɗaga shi saman.

Mai Haɗa Sauti:
Shi ya sa masoya ke ɗora nasu bes suna sakewa,
Wanda ke son jin Newsted, faifansu na 1991 zai komawa,
Furodusa Bob Rock ya rage gudu, ya buɗe ƙasa, bes ya samu fitowa.