Wace na'urar gem ta dace da ɗan Zariya?

Matasan wata majalisa a Samaru sun tattauna wannan batu, ga shawarwarin da suka fito.

Mafi yawansu sun ce in dai ƙwallo kake bugawa, PS4 (wato PlayStation 4) ta hannu ta ishe ka. Tun 2013 ta fito, faya-fayanta na yawo tsakanin abokai, mai gyaranta ma ba ya wuyar samu. PS5 kuwa, wadda ta fito a 2020, sabon wasanta kan kai dala 70. Sai ka buga lissafi da canjin yau.

An fi jan magana kan Xbox Series S. Kuɗinta da sauƙi, amma ba ta cin faifai, komai sai an sauke daga intanet, wani wasan har ya haura gigabait 100. Ga data, ga kuɗin Game Pass (tsarin hayar wasannin Xbox) duk wata in kana so. Ni dai ban ga arahar ba, sai ga mai intanet a gida.

Wani ya tunatar da batun wuta: a fara tanadar stabilaiza, kuma a riƙa rufe na'urar da hunturu saboda ƙura. Masu son Mario sai Nintendo Switch, mai batir ce, ko an ɗauke wuta wasa bai tsaya ba.